Rasuwar Ɗan Ja, Ampul Ɗin Ƙofar Gidan Ɗangana

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu mai ɗaci a ƙarƙashin baƙin cikin wanda zan faɗi sunansa in an jima, ni Ɗangana, tsohon dillalin albasa a Madawa, a madadin matata Hindatu da danginmu na Bangi da na Urno da waɗanda aure ya kai Garhanga, ina sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar ampul, wato ƙwan fitilar ƙofar gidana, wanda unguwa ta sani da suna Ɗan Ja. Ya rasu ranar Larabar da ta wuce bayan sallar magariba, yana rataye a inda ya saba, a bakin aikinsa. Danginmu na ƙauye ba su da kuran, wato wutar lantarki, wasunsu ma ba su taɓa ganin marigayin ba. Na sa su cikin sanarwa ne domin haka ake yi, kuma domin a san mamacin yana da mutane.

Marigayin ya shigo gidana a shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai. A teburin wani ɗan koli na saye shi ranar kasuwa, an rubuta wat sittin a kansa, amma Allah ya sani bai taɓa ɗanɗana sittin ɗin nan ba sai a makonsa na ƙarshe. Gidana ba shi da kontar, wato mitar wuta. Daga ta mai injin niƙa na bakin hanya na jawo wata siririyar waya, ta tsallake katangu, ta ratsa cikin bishiyar bedi ta ƙofar gidana, sannan ta sauko. Kafin kuran ya iso wurinmu ya gaji liƙis. Abin da ya rage shi marigayin yake karɓa ya gode, ya ba da haske ja mai laushi. Aminina Almu ne ya dube shi a ranar farko ya raɗa masa suna, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Wanda bai san Almu ba bai san dalilin wannan sanarwa ba. Tare muka yi samartaka muna lodin buhunan albasa, tare muka yi furfura. Gidansa yana bayan masallaci. Tun da aka rataya Ɗan Ja, ana sallame magariba zai taho yana jan takalmi, ya zauna a gefen hagu na tabarmata, mu haƙa guraben dara a yashi, shi da kara ni da tsakuwa, rediyo a tsakaninmu. Da mutane suka ga haske da rediyo sai suka fara tsayawa, tsayuwa ta koma zama, Jima mai shayi ya matso da teburinsa. A ƙarƙashin marigayin unguwarmu ta ji labarin zaɓe, ta ji ranar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ta ji ranar da soja suka dawo. In mutum yana son ya san abin da duniya take ciki, ƙofar gidan Ɗangana yake nufa. Ba alfahari nake yi ba, ko da yake na ji daɗin abin ƙwarai.

Halayen marigayin na kirki suna da yawa, amma babbansu shi ne kame baki. Shekarun nan duka ban ji ya ce komai ba, sai ɗan "ƙyas" na makunni idan an tashe shi, da ɗan "tin, tin" idan ƙwari sun bugi gilashinsa da damina. Bai taɓa sa baki cikin maganar rediyo ba. Ko tashar Landan na kamo, ko ta Jamus, ko ta Yamai, mai karanta labarai zai yi maganarsa tas kamar yana zaune a kan tabarmar, marigayin yana sama yana aikinsa. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, na zaci duk fitilu haka suke.

Hali na biyu shi ne haƙuri da rashi. Kowa ya san yadda kuran yake yi mana da magariba, lokacin da gari duka ya kunna abin da yake da shi. Marigayin bai taɓa cewa abin ya yi masa kaɗan ba. Zai rage haske, ya ƙara ja, har ka iya kallon zaren cikinsa ido da ido, amma ba ya mutuwa. Da lokacin sanyi kuwa Almu kan miƙe ya kewaye shi da tafukansa ya ɗumama su kafin ya koma ya cinye ni.

Yanzu dole in ambaci maƙwabcina Gideon, kuma zan yi ƙoƙari in yi masa adalci tunda sanarwar rasuwa ce. Gideon ya daɗe yana kula da injin wuta a asibitin mishan, ya ajiye aiki ya dawo ya zauna a gidan da ke fuskantar nawa. Mutumin kirki ne, kuma wannan ne babban abin da ke damuna da shi. Da ya nemi ya ɗaura wayarsa a jikin tawa, ni da bakina na ce ya ɗaura, maƙwabci ai ɗan uwa ne. Da farko ampul ya sa irin nawa, muka zauna lafiya. Bara sai ya dawo daga tafiya da wani dogon farin gilashi, tsawon sandar makiyayi, ya kafa shi a goshin zaurensa. Niyon ake ce masa.

Ranar da ya fara kunna shi ina tsakiyar jin labaran Landan. Abin ya yi ƙifce-ƙifce, ya kama, titi ya yi fari fat, rediyona kuwa ya ce zzzzzz. Na murɗa nan, na murɗa can, na ja eriya har ƙarshe. Mai labarai yana can ciki yana magana kamar wanda aka rufe cikin tulu da ƙudan zuma. Na cire rediyon daga kuran na sa masa pil, wato batir, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Sai da na ɗauke shi na shiga gida, na wuce ɗakin Hindatu, na kai garken awaki a can ƙurya, sannan murya ta fito. Tun daga ranar, mutumin da unguwa ke zuwa jin labarin duniya a ƙofarsa ya koma yana jinsa a tsugune tsakanin awaki.

Na je na sami Gideon, ina tsammanin zai musa. Bai musa ba. Ya ba ni kujera, matarsa Deborah ta kawo ruwa, ya zauna ya yi mini bayani da fara'a. Ya ce ampul zare ne kawai da ke yin zafi har ya yi haske, shi ya sa ba ruwansa da kowa. Niyon kuwa iska ce a cikinsa da ke kamawa tana mutuwa da saurin da ido ba ya bi, ga wani akwatin ƙarfe a bayansa mai gurnani, kuma wannan tartsatsin ne yake watsuwa cikin iska, yana kuma bin waya ya koma gidajen da suke layi ɗaya, rediyo ya kwashe shi. Ya ba ni haƙuri. Ya ƙara da cewa duk da haskensa, niyon bai kai ampul shan kuran ba. Wannan kam ban yarda ba har yau. Abin da ya fi wani tsawo, ya fi shi haske, ya fi shi surutu, a ce kuma ya fi shi ƙarancin ci? Na sha ruwan Deborah na tashi.

Samari ne suka fara ƙaura. Na ce su tafi, dama surutu suke cika mana. Masu tallan gyaɗa da ƙosai suka bi su, domin a can ana ganin canji. Jima ya ja teburinsa da kaɗan kaɗan, yau taku ɗaya gobe taku ɗaya, yana gaishe ni kullum kamar ba abin da ke faruwa, har na wayi gari na ga shayin ya tsallake titi. A can ba mai jin labarai, ba a ma iyawa. Sun zaɓi su ga fuskokin juna sarai su zauna ba su san abin da duniya take ciki ba, fuskokin kuwa niyon ya mai da su toka-toka kamar na masu jinya. Duk wannan na shanye, domin Almu yana nan a hagun tabarmata.

Sai ga shi wata rana ya daɗe yana duban yashi, ya ɗaga karansa ya dasa shi a gefen gurbi, inda ba rami. Na yi dariya, shi bai yi ba. Bayan kwana kaɗan na fito daga masallaci na hango shi zaune a ƙarƙashin farin hasken, ana haƙa masa gurabu. Na tare shi washegari a hanya. Ya riƙe hannuna ya ce:

"Ɗangana, ba gudunka nika yi ba. Idanuna na sunka gaji. Nan wurinka inuwa ka cika gurabu, ba ni rarrabe su. Can kuwa ina gani."

Na ce masa ba komai, Allah ya ƙara lafiya. Ƙarya na yi, akwai komai. Abin nan mai ɗaci da na ce zan faɗi sunansa, kishi ne, kuma ba na jin kunyar rubuta shi. Ina kishin gilashi. Ina kishin Gideon, da zaurensa, da fara'arsa, da yadda Almu yake dariya a can irin dariyar da na ɗauka a tabarmata kaɗai ake yin ta. Ni da marigayin muka rage, yana ja ina ja, muna kallon tsallaken titi. Gideon ya sha aiko a kira ni in zo a zauna tare. Ban je ba. Mai majalisa ba ya zama baƙo a majalisar wani da tsufansa.

A wannan zamanin ne marigayin ya nuna ko shi wane ne. Ashe niyon ɗan gata ne, ba ya tashi sai kuran ya cika. Ranar da kuran ya yi rauni sai ya tsaya yana ƙifce-ƙifce, bakinsa biyu su yi ja, ya ƙi kamawa. Gideon ya hau kujera yana murɗa sitata, ɗan abin da ke tayar da shi, yana shafa gilashin da tafi kamar mai lallashin jaki, jama'a suna ƙasa suna ba da shawara. In abin ya faskara sai ka ga suna sulalowa ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin Ɗan Ja, wanda ke nan yana ci da ɗan abin da ya samu. Rediyo ya washe, Almu ya zauna a hagu, ko ba a yi dara ba a yi hira. Ina jin ni kaɗai ne a Madawa na taɓa ɗaga hannu bayan salla ina roƙon Allah ya raunana kuran.

Gideon ya gano dabara. Ya riƙa kunna niyon tun la'asar, rana tana sama, lokacin da kuran yake da ƙarfi, domin in ya riga ya kama ba ya cika sakewa. Fitila tana ci da rana tsaka, ba wanda ya ce almubazzaranci ne, sai ma yaba masa wayo da ake yi. Da bazara ta zo, masu fanka suka kunna fankokinsu, dabarar ma ta daina ci. Na fara samun barci mai daɗi. Sai mutumin nan ya tashi ya sayo sabuwar waya mai kauri, ya sauke tsohuwar siririyar tun daga kontar mai injin niƙa, ya ɗaura sabuwa har gidana, bai nemi komai a wurina ba. Unguwa duka ta taru tana sa masa albarka. Ni ma na sa, ana kallona.

Daga nan rashin lafiyar marigayin ta fara, mu kuwa muka ɗauka samun sauƙi ne. A karon farko a rayuwarsa kuran ya iso masa cikakke. Ya yi haske irin wanda ban taɓa sanin yana da shi ba, har tururuwa ana gani a gindin bedi. Na yi murna kamar yaro. Hindatu ce ta leƙo ta dube shi ta ce, "Malam, wanga haske ba na lahiya ba na." Na ce ta koma ciki. Na tafi da ƙafata har bayan masallaci na ce wa Almu ya zo ya gani, Ɗan Ja ya zama saurayi.

Ya zo ranar Laraba. Na share yashi, na haƙa gurabu manya, na kashe rediyon don kada gurnanin tsallake ya shigo mana. Almu ya zauna a wurinsa, ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Ya ce hasken ya ƙaru ƙwarai, amma inuwar tana nan, ta ma ƙara baƙi. Duk da haka ya ɗauki kara ya ce mu gwada. Hannunsa yana sama ke nan mai injin niƙa ya kashe injinsa a bakin hanya, kuran ɗin da injin yake sha ya kwararo mana gaba ɗaya. Marigayin ya yi wani fari mai shuɗi-shuɗi, ya ce "ɗas". Ita ce magana mafi ƙarfi da ya taɓa yi, kuma ita ce ta ƙarshe.

Muka zauna cikin duhu. Almu bai tashi ba sai da aka kira isha, wannan na shaida masa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri," ya bi bango ya tafi masallaci. Da aka sallame na ga inda ya nufa, ban kira shi ba.

Gideon ne ya duba gawar da safe. Ya kai ta kunne ya girgiza, muka ji zaren yana "kiris, kiris" a ciki. Ya ce ampul irin wannan ba ya kai rabin shekarun da Ɗan Ja ya yi, yunwa ce ta raya shi, da ya sami ƙoshi kuma zarensa da ya tsufa bai iya ɗauka ba. Wato dai alherin Gideon ne ya kashe shi. Na yi ta tunanin wurin da zan kai ƙara, na rasa alƙalin da zai saurari mutumin da aka yi wa gyaran waya kyauta.

Marigayin ya rasu ya bar rediyo ɗaya, wanda yanzu ke zaman gudun hijira a garken awaki. Ya bar tabarma, da guraben dara da iska ta fara cikewa, da tsaka biyu da suka yi ƙiba a bango albarkacin ƙwarin da yake tara musu, waɗanda na lura ɗaya ta riga ta tsallaka titi. Ya bar ƴan uwa ampul masu yawa a teburan ƴan koli, masu kame baki kamarsa. Iyalan suna sanar da jama'a cewa ba su da dangantaka da niyon ta kowace fuska. Haka kuma ba su san wani sabon ƙwai da aka ce an fara kawowa daga Ƙonni ba, wanda ake wa kirari da mai tsimin kuran. Wanda ya gan shi ya ce mini niyon ne aka lanƙwashe aka sa masa gindin ampul, kuma in ka kai rediyo kusa da shi shi ma fito yake yi.

Hindatu ta ce in bar wannan abin dariya in sayo wani ampul a wuce wurin. Da ampul ne matsalar da tuni na saya. Sabo zai yi haske, zai yi shiru, zai yi inuwa a gurabu, ni kuma in zauna a ƙarƙashinsa ni kaɗai.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An naɗe marigayin a tsohuwar hulata, za a binne shi gobe da hantsi a gindin bedi, a rami mai zurfi saboda ƙafafun yara. Liman ya ce ba a yi wa gilashi salla, kuma na yarda da fatawarsa. Amma na tambaye shi ko akwai inda aka hana maƙwabta zuwa yi wa mutum jaje in ya yi rashi, ya ce babu. Saboda haka za a yi zaman makoki a ƙofar gidana daga magariba zuwa isha, kwana uku, a sake taruwa ranar bakwai, in ta kama a kai arba'in. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin marigayin ya san abin da al'ada ta ɗora masa, kuma zan lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Jima zai dawo da teburinsa wannan gefen. Kada kowa ya zo da tocila. An roƙi Gideon ya kashe niyon a waɗannan lokuta don girmama mamaci, kuma don rediyon ya fito daga cikin awaki ya karɓi gaisuwa. Ya amince tun ban gama roƙon ba, abin da ya ƙara mini haushi.

Shi ne ma ya fara zuwa ta'aziyya, kuma bai zo hannu sake ba. Ya kawo mini niyon sabo fil a cikin kwalinsa, da sitata da akwatin ƙarfensa, ya ce duk ranar da na shirya zai zo ya ɗaura. Bai ɓoye mini ba cewa in aka kafa shi a bangona, ko a garken awaki da wuya rediyon ya ƙara fita da magariba. Na karɓa na gode, na tura shi ƙarƙashin gado, yana can.

Sauran magana ta Almu ce, kuma ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta masa wannan wurin a hankali. Almu, makoki ba ya bukatar ido, kuma hanyar gidana ƙafarka ta san ta. Ka zo ka zauna a hagu mu ji labarai kwana ukun nan, mu biyu da duk wanda Allah ya kawo. In an share makoki ka ce a ɗaura dogon gilashin nan, zan kira Gideon da kaina ya ɗaura, in naɗe rediyon in ba Hindatu ta ajiye a cikin adaka. Duniya ta yi abin da za ta yi, wani ya ba ni labari da safe. Amma ba zan karɓi saƙo ba. Da bakinka za ka faɗa, kana zaune a kan tabarmata.